YADDA AKE MAYAR DA AWON RUWA DA NA GAS ZUWA LITA

Gabatarwa

Duk wanda ke biyan kuɗin ruwan famfo, ko yake sayen ruwa a tanka, ko yake cika tukunyar gas, yana da hakkin ya san adadin abin da ya biya kuɗi dominsa. Amma sau da yawa lambobin da ke kan takardar biya ba sa gaya wa magidanci kome, domin wata takardar da kubik mita take lissafi, wata da galan, wata da kubik ƙafa, gas ɗin girki kuwa da kilo ake sayar da shi. Mutumin da bai iya daidaita waɗannan ma'aunai ba, ba shi da hanyar gane ko an cika masa mudu ko an tauye. Manufar wannan darasi ita ce a nuna wa jama'a yadda za su mayar da kowane irin awo zuwa lita, wadda kowa ya san girmanta, kuma a bayyana inda lissafin gas ya sha bamban da na ruwa.

1. Dalilin yawan ma'aunai

A zamanin mulkin Turawa Nijeriya ta gaji awon Ingila, watau inci da ƙafa da yadi, da laba, da galan. Bayan samun mulkin kai, a farkon shekarun 1970, ƙasar ta yi manyan sauye-sauye. A shekarar 1972 aka koma tuƙi ta hannun dama, ranar 1 ga Janairu 1973 naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule, sa'an nan Dokar Awo da Ma'auni ta 1974 ta kafa ciniki a kan tsarin mita da kilo da lita. Shi wannan tsari a Faransa aka ƙago shi a shekarun 1790, kuma ƙasashe suka rattaba hannu a kan yarjejeniyarsa a birnin Faris a 1875. Amfaninsa shi ne kome goma-goma yake tafiya, saboda haka lissafinsa ba wuya.

Duk da haka tsofaffin ma'aunai ba su ɓace daga bakin jama'a ba. Har yanzu ana jin galan wajen cinikin tankar ruwa, injunan ban ruwa da ake shigowa da su daga Amurka sukan zo da rubutun galan, masana'antar man fetur da gas kuma da ganga da kubik ƙafa take lissafi. Shi ya sa ya wajaba a san hanyar komawa daga wannan awo zuwa wancan.

2. Mece ce lita?

Idan aka ƙera ɗan akwati mai tsawon santimita 10, faɗin santimita 10, zurfin santimita 10, to abin da zai ci shi ne lita ɗaya. Ledar ruwan sha da ake sayarwa a bakin titi yawanci rabin lita ce, watau leda biyu lita guda. Babbar jarkar da 'yan garuwa ke turawa a kura takan ci lita 20 ko 25. Wani abin lura kuma shi ne, nauyin lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ne. Saboda haka tankin da ya ci lita 1,000 yana ɗauke da tan guda na ruwa, kuma dole a yi la'akari da wannan nauyi kafin a ɗora shi a kan rufin ɗaki ko a kan ƙarafa.

3. Kubik mita da karatun mitar famfo

A nan sai a yi hattara da kalma ɗaya mai ma'ana biyu. Akwai mita ta awon tsawo, akwai kuma na'urar da ake ɗaurawa a jikin bututu tana ƙirga ruwa, ita ma mita jama'a ke ce mata. A cikin wannan darasi za a riƙa kiran na'urar da sunan mitar famfo.

Mitar famfo da kubik mita take ƙirga, kuma alamarsa a takarda ita ce m³. Kubik mita shi ne cikin akwati mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, zurfin mita ɗaya. Yana cin lita 1,000 cif. Wannan shi ne mafi sauƙin lissafi duka, domin sifiri uku kawai ake ƙarawa: kubik mita 7 shi ne lita 7,000.

A fuskar yawancin mitocin famfo akwai baƙaƙen lambobi da jajaye. Baƙaƙen su ne cikakkun kubik mita, kuma da su hukumar ruwa ke yin lissafin kuɗi. Jajayen ɓurɓushi ne. Idan jajayen guda uku ne, to lita suke nunawa kai tsaye. Mitar da ta nuna 0412 da baƙi, 365 da ja, tana nufin lita 412,365 suka wuce ta cikinta tun ranar da aka ɗaura ta.

Ga misali. Wani magidanci ya duba mitarsa ranar 1 ga Afrilu ya ga 0412. Ranar 1 ga Mayu ya sake dubawa ya ga 0430. Idan aka ɗebe 412 daga 430, saura 18. Ke nan gidansa ya sha kubik mita 18, watau lita 18,000 a cikin kwana 30. Idan aka raba 18,000 gida 30, za a sami lita 600 kowace rana. In mutum takwas ne a gidan, kowa ya tashi da lita 75. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum ɗaya yana bukatar lita 50 zuwa 100 a rana domin sha da girki da wanka da wanki, don haka lissafin wannan gida bai fita daga ƙa'ida ba. Da a ce takardar da aka kawo masa ta nuna kubik mita 60, watau lita 250 ga kowane mutum a rana, to da sai a bincika: ko dai bututu ya fashe a ƙarƙashin ƙasa, ko an yi kuskuren karatu.

Lita kuma ita ce ke ba da damar gwada tsada da araha. A ɗauka, don misali kawai, hukumar ruwa tana karɓar naira 200 a kan kubik mita ɗaya, ɗan garuwa kuma yana sayar da jarka mai lita 25 a kan naira 100. Jarka 40 ke cika kubik mita guda, saboda haka mai sayen ruwan jarka yana biyan naira 4,000 a kan abin da mai famfo ke biyan naira 200, watau ninki ashirin. Mai karatu zai iya sa farashin garinsu a gurbin waɗannan lambobi ya ga abin da zai fito.

Gidaje da yawa ba su da mitar famfo, kuɗin ƙiyasi ake yanka musu kowane wata. Su ma za su iya sanin abin da suke sha idan suka ƙirga yawan duro ko jarkar da suke cikawa a mako, suka ninka da litar da kowace ke ci.

4. Galan iri biyu ne

Babban abin da ke jawo gardama a cinikin ruwa shi ne galan, domin ma'auni biyu ne ke amsa wannan suna. Galan ɗin Ingila, wanda dokar ƙasarsu ta 1824 ta tsayar a kan cikin ruwa mai nauyin laba goma, yana cin lita 4.546. Galan ɗin Amurka kuwa tsohon ma'auni ne da Amurkawa suka riƙe tun kafin waccan doka, kuma lita 3.785 yake ci. A taƙaice, galan biyar na Ingila sun yi daidai da shida na Amurka.

Wanda Nijeriya ta gada shi ne na Ingila. Garwar kananzir ta dā, wadda daga baya aka mai da ita ma'aunin ruwa da na man gyaɗa, galan huɗu take ci, watau lita 18 da 'yan kai. Duro kuwa galan 44 ne, kimanin lita 200, daidai da garwa goma sha ɗaya. Duro biyar su ne kubik mita guda.

Ga inda asara ke shiga. Wata makaranta ta yi cinikin tankar ruwa mai galan 5,000. Idan na Ingila ake nufi, 5,000 sau 4.546 ya ba da lita 22,730. Idan na Amurka ne, 5,000 sau 3.785 ya ba da lita 18,925. Bambancin shi ne lita 3,805, fiye da jarka 150 a sawu ɗaya. Maganin wannan shi ne a rubuta kowace yarjejeniya da lita tun daga farko. Haka kuma wanda ya sayi injin jan ruwa ya ga an rubuta galan kaza a minti ɗaya, sai ya duba ƙasar da ta ƙera shi kafin ya yi lissafi.

Mai son komawa daga kubik mita zuwa galan sai ya tuna cewa kubik mita ɗaya galan 220 ne na Ingila, ko 264 na Amurka.

5. Kubik ƙafa

Kubik ƙafa shi ne cikin akwati mai ƙafa ɗaya ta kowane gefe, kuma yana cin lita 28.317. Kubik ƙafa 35.3 ke cika kubik mita ɗaya. A garuruwa da yawa na Amurka ana lissafin kuɗin ruwa da na gas da ɗari-ɗari na kubik ƙafa, ana rubuta CCF ko HCF a takarda. Kowane ɗaya daga cikinsu lita 2,832 ne. Ɗan ƙasa da ke zaune can, idan takardarsa ta nuna CCF 12, to ya sha kimanin lita 34,000, watau kubik mita 34.

6. Auna tanki ko kwarmin ruwa

Ba lalle ne a dogara da lambar da aka rubuta a jikin tanki ba, domin da tef ɗin awo kowa zai iya tabbatarwa. Idan tankin mai kusurwa huɗu ne, sai a auna tsawo da faɗi da zurfi daga ciki, da mita, a ninka su, sa'an nan a ninka da 1,000. Tanki mai tsawon mita 2, faɗin mita 1.5, zurfin mita 1 yana cin kubik mita 3, watau lita 3,000. Idan da ƙafa aka auna, sai a ninka da 28.317. Kwarmin siminti mai ƙafa 6 da 4 da 4 kubik ƙafa 96 ne, kimanin lita 2,718.

Idan tankin mai kewaye ne kamar duro, sai a auna faɗin bakinsa a raba biyu, a ninka abin da aka samu da kansa, a ninka da 3.14, a ninka da tsayin tankin. Tanki mai faɗin mita 1.2 da tsayin mita 1.8, lissafinsa shi ne 0.6 sau 0.6 sau 3.14 sau 1.8, wanda ya ba da kubik mita 2.035, watau kimanin lita 2,035.

7. Inda gas ya bambanta da ruwa

Lita ɗaya ta ruwa lita ɗaya ce ko'ina aka kai ta, domin ruwa ba ya matsuwa. Iskar gas kuwa tana takurewa idan aka matsa ta, tana buɗewa idan ta ji zafi. Tun a 1662 wani masani mai suna Robert Boyle ya nuna cewa idan aka ninka matsi sau biyu, wurin da iska ke ci yakan ragu zuwa rabi. Saboda haka faɗin litar gas ba ya isa sai an faɗi matsi da zafin da aka auna shi a kai.

Don a kauce wa gardama aka tsayar da ma'auni guda da ake kira daidaitaccen kubik mita, ana rubuta shi SCM. Shi ne lita 1,000 na gas a zafin digiri 15 na ma'aunin Salshiyas, ƙarƙashin matsin iskar sarari na yau da kullum. Haka nan akwai daidaitaccen kubik ƙafa, wanda kamfanonin gas na Nijeriya ke lissafi da shi dubu-dubu da miliyan-miliyan. Kubik ƙafa dubu lita 28,317 ne, kubik ƙafa miliyan ɗaya kuwa kubik mita 28,317.

Wannan bayani ya shafi direbobi. Bayan janye tallafin man fetur a 2023, Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin mayar da motoci su yi aiki da matsattsen gas da ake kira CNG, kuma da SCM ake sayar da shi. Tukunyar mota da aka rubuta wa lita 65, cikinta ke nan idan ruwa aka zuba. Amma ana ɗura mata gas da matsin da ya ninka na iskar sarari kusan sau 200. Idan aka ninka 65 da 200 za a sami lita 13,000, watau SCM 13, kuma a zahiri takan ɗauki ɗan abin da ya fi haka domin gas ɗin yana ƙara takurewa a irin wannan matsi. Kada direba ya gwada litar gas da litar fetur ɗaya bayan ɗaya. Ƙarfin da ke cikin SCM guda, watau lita dubu ta gas, shi ne ya yi kusan daidai da na litar fetur ɗaya.

Akwai kuma wasu kalmomi da ake gani a takardun gas, kamar BTU da therm da kWh. Waɗannan awon zafin da gas ke bayarwa ne idan ya ƙone, saboda haka ba a mayar da su lita kai tsaye sai an san ingancin gas ɗin. A bisa ƙiyasi, therm ɗaya, wanda shi ne BTU 100,000, yana fitowa daga kimanin kubik ƙafa ɗari na gas ɗin bututu, kubik mita ɗaya kuma yakan ba da kWh 10 zuwa 11.

8. Gas ɗin girki: sikeli ne alƙali

Gas ɗin da ake cikawa a tukunya domin girki wani iri ne dabam. Haɗin furofen ne da butan, kuma a cikin tukunya narkakke yake kamar ruwa, shi ya sa ake jin motsinsa idan aka girgiza. Ya fi ruwa rashin nauyi. Kilo ɗaya na furofen yana cin kusan lita 2, na butan kimanin lita 1.7. Ke nan kilo 12.5 yana tsakanin lita 21 da lita 25, gwargwadon yadda aka haɗa su. Tun da haɗin yakan canja, zafi kuma yana sa shi kumbura, awon da ba ya ruɗi shi ne nauyi.

A jikin kowace tukunya, wajen wuya ko marfin hannu, akan buga nauyinta ba kome a ciki, yawanci bayan haruffan TW. Sai a tara wannan da kilon da aka biya. Idan nauyin tukunyar 13.5 ne, aka kuma biya kuɗin kilo 12.5, dole sikeli ya nuna 26 bayan an cika. In ya nuna 24.5, an tauye kilo ɗaya da rabi. Idan da sauran gas a ciki, sai a auna tukunyar kafin a cika da bayan an cika, a ɗebe. Inda kuma na'urar ɗurawa da lita take ƙirga, a tuna cewa lita 10 ba ta kai kilo 6 ba. Wanda ya biya kuɗin kilo 10 aka ɗura masa lita 10, abin da ya samu bai fi rabi da kaɗan ba.

Wannan lissafi ya shafi tsaron rai kuma. Idan narkakken gas ya fito sarari yakan buɗe kusan ninki 250. Tukunya mai kilo 12.5 tana iya sakin lita 5,000 zuwa 6,700 na iskar gas. Ɗaki mai tsawon mita 4, faɗin mita 3, tsayin mita 3 yana cin lita 36,000 na iska, kuma da zarar gas ya kai kusan kashi biyu cikin ɗari na iskar ɗaki, tartsatsi ɗaya ya isa ya tayar da gobara. Yoyon da bai kai kilo biyu ba ya isa ya kai wannan haddi, kuma tun da gas ɗin ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya ya taru. Saboda kumburin da aka ambata ne ba a cika tukunya maƙil, akan bar kusan kashi ɗaya cikin biyar na cikinta fili. Kada mai saye ya matsa a ƙara masa fiye da kilon da aka rubuta a jikinta.

9. Jadawalin tunawa

Kubik mita 1 = lita 1,000
Galan 1 na Ingila = lita 4.546
Galan 1 na Amurka = lita 3.785
Kubik ƙafa 1 = lita 28.317
CCF 1 = lita 2,832
Garwa 1 mai galan huɗu = lita 18.2
Duro 1 = kimanin lita 200
Gangar ɗanyen mai 1 = lita 159
SCM 1 = lita 1,000 na gas a daidaitaccen matsi da zafi
Kilo 1 na gas ɗin girki = lita 1.7 zuwa 2 a narke

Idan ana so a koma lita, sai a ninka da lambar da ke gefen dama. Idan daga lita ake so a koma wancan awo, sai a raba da ita.

10. Abin da ya kamata magidanci ya yi

Na farko, ya keɓe littafi ya riƙa rubuta karatun mitarsa ranar ɗaya ga kowane wata, ya kuma adana rasit.

Na biyu, ya gwada yoyo. Da dare a rufe dukkan famfuna a rubuta jajayen lambobi, da asuba a sake dubawa kafin kowa ya taɓa ruwa. Idan sun motsa, akwai inda ruwa ke zuba. Famfon da ke ɗiga kuma a tara masa kwalba mai lita ɗaya. In ta cika cikin awa guda, asarar lita 24 ce a rana, lita 720 a wata.

Na uku, ya gwada mitar kanta. A cika jarka mai lita 20 wadda aka tabbatar da awonta, a duba ko jajayen lambobi sun ƙaru da 20.

Na huɗu, idan lissafinsa ya saɓa da na takarda, ya tafi ofishin hukumar ruwa ta jiharsu da littafinsa, ya nemi a sake karatu a gabansa. Idan kuwa sikeli ko na'urar ɗura gas yake zargi, sai ya kai ƙara Sashen Awo da Ma'auni na Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya, wanda doka ta ɗora wa alhakin duba ma'aunan ciniki da buga musu hatimi. Matambayi ba ya ɓata, kuma ƙorafin da aka kai da lambobi a rubuce ya fi saurin samun amsa.

11. Aikin gwaji

(a) Mitar famfo ta tashi daga 0957 zuwa 0981. Lita nawa aka sha, kuma jarka nawa ke nan mai lita 25?
(b) Tanka mai galan 2,000, lita nawa ce da awon Ingila, nawa ce da na Amurka?
(c) Tanki mai mita 1.5 da 1 da 0.8, lita nawa yake ci, kuma mene ne nauyin ruwan?
(d) Tukunya mai nauyin kilo 8.2 ba kome a ciki, an biya kuɗin kilo 6, sikeli ya nuna 13.4. An cika ko an tauye?

Amsoshi

(a) Lita 24,000, jarka 960.
(b) Lita 9,092 da awon Ingila. Lita 7,570 da na Amurka.
(c) Lita 1,200, kilo 1,200.
(d) Kamata ya yi sikeli ya nuna 14.2, saboda haka an tauye kilo 0.8.

Ana roƙon malaman makarantu da na ajin yaƙi da jahilci su yi waɗannan lissafai tare da ɗalibansu, wanda ya iya karatu kuma ya karanta wa maƙwabcinsa.